Dare Mahutar Bawa: Shayin Madarar Da Muke Sha Bayan Isha'i



Akwai gaisuwar da muke yi kullum safiya ba tare da mun tsaya kan amsarta ba. "Ina kwana?" "Lafiya lau." "Ina gajiya?" "Ba gajiya." To amma duk wanda ya zauna a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago ko Obalende ya san cewa da yawanmu kwanciya kawai muke yi, ba barci ba. Ka duba idanun mutane a sahun asuba, ka duba yadda ɗan dako yake gyangyaɗi a kan buhun albasa da hantsi, ka duba yadda ƙaramar magana take zama faɗa a bakin tasha. Gajiya ce ta taru ta rasa mafita.

Wasu dalilan ba a hannunmu suke ba. Mai son ya isa kasuwa da wuri dole ya fita kafin gari ya waye, in ba haka ba gosulo ya cinye masa rabin yini. Da dare ga zafin nan mai ɗanko na bakin teku, ga sauro, ga janareton maƙwabci a gindin taga, ga gidan haya mai ɗakuna fuska da fuska inda tarin mutum ɗaya yake tada mutum goma. Waɗannan sai haƙuri. Abin da ke hannunmu shi ne abin da muke zubawa a cikinmu daga magariba zuwa lokacin kwanciya, kuma a kansa muke son mu yi magana yau.

Teburin mai shayi shi ne zauren wanda ba shi da zaure. Mafi yawan matasanmu a nan sun baro iyali a Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya ko Maraɗi, ba su da wanda zai ajiye musu tuwon dare. A bencin mai shayi ake cin burodi da ƙwai, a nan ake jin wa ya zo daga gida, wa aka yi wa rasuwa, nawa buhun masara ya kai a Dawanau. Wanda ya ce a daina zama a wurin bai san zaman baƙunta ba, kuma mu ba za mu taɓa faɗin haka ba. Maganarmu a kan abin da ke cikin kofin ne. Ƙarfe tara na dare za ka ji mutum ya ce, "Malam, sa min Lipton biyu, ka ƙara Nescafe." Yana gamawa ya ɓare goro. Wani kuma da yamma ya riga ya sha gorar lemon ƙarin kuzari, irin wanda ake sayarwa a cikin gosulo. Ƙarfe sha ɗaya ya je ya kwanta, yana juyi yana zargin sauro.

Ganyen shayi, gahawa, goro da lemon ƙarin kuzari duk abu ɗaya ya haɗa su, wani sinadari da ake kira kafeyin. Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa a hankali, shi ne yake sa jiki ya yi nauyi da dare, ido ya fara lumshewa. Kafeyin sai ya je ya zauna a gurbin da adinosin yake sauka, ya tare masa hanya. Gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba, saƙonta ne ba ya isa. Kuma kafeyin ba baƙo ba ne mai saurin sallama: a jikin mafi yawan manya, sai an yi kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita. Ke nan wanda ya sha da ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 2 rabin yana nan, kuma lokacin da ladan zai kira asuba kusan kashi ɗaya cikin uku bai tafi ba. Ƙullin ganyen shayi ɗaya yana ɗauke da miligiram 40 zuwa 50, ƙaramin cokalin Nescafe ya ɗan fi haka, goro guda mai girma kuwa ba ya kasa kofin gahawa. Sai mutum ya lissafa nasa da kansa.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta: "Ni shayi ba ya hana ni barci, ko yanzu na sha zan kwanta." Gaskiya ne, wanda ya yini yana sauke kaya daga tirela zai iya yin barci ko a kan dutse. Sai dai barci hawa-hawa ne. Akwai mai nauyi, wanda a cikinsa jiki yake gyara kansa, akwai kuma na sama-sama wanda motsin ɓera yake katsewa. Kafeyin yana rage mai nauyin ko da ido ya rufe. Shi ya sa mutum zai yi awa shida a kwance ya tashi kamar an yi masa duka, abu na farko da zai nema kuma shi ne wani shayin mai kauri.

Inda abin yake ba mu tsoro shi ne matakin da ke gaba. Yaron da ya kasa barci sati guda, abokinsa zai nuna masa ƙwaya. Da safe ta ƙarfi don ya iya aiki, da dare ta barci don ya iya kwanciya. Babu wanda ya bar gida da niyyar zama ɗan ƙwaya, da yawa daga neman barci suka fara. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta yi a kan yadda yake lalata matasa, amma duk wanda yake zaune a unguwanninmu ya san hanawa ba ta kashe buƙatar ba, wasu ƙwayoyin ne suka cike gurbi. Mun raka 'ya'yan mutane tashar mota an mayar da su gida ba a hayyacinsu ba. Ba mu ce kofin madara zai magance wannan ba. Abin da muka ce shi ne, wanda yake samun barcinsa ba ya zuwa neman sa a kemis.

Mu kaɗan ne muka fara a gidan da muke haya, masu iyali da gwauraye, bayan wata Hajiya a cikinmu ta ce ita ta gaji da jin mazan gidan suna kai-komo a tsakar gida har ƙarfe ɗaya. Ita ta fara dafa mana tukunya guda bayan isha'i. Ɗanta da yake aiki a wani gidan abinci a Lekki ya ɗanɗana ya yi dariya, ya ce, "Umma, ai wannan shi ne abin da muke sayar wa masu kuɗi, latte sunansa." Kalmar ta Italiya ce, ma'anarta madara kawai. Asalinsa gahawa ce kaɗan da madara mai zafi mai kumfa a kai, daga baya aka riƙa cire gahawar ana sa ganyaye da kayan ƙamshi, sunan bai canza ba. Hajiya ta ce su kira shi abin da suka ga dama, ita dai tun tana yarinya take ganin ana dafa madara da citta da kanumfari.

Ginshiƙin namu shi ne tsauri, ciyawar nan mai dogon ganye mai ƙamshin lemun tsami, wadda Yarbawa suke kira koriko oba, wasu su ce ewe tii. Wannan yana cikin abubuwan da Kudu ta fi mu. A Arewa sai an yi ta ban ruwa, a nan kuwa ruwan sama kaɗai ya ishe shi, za ka gan shi a bayan gidaje da gefen katanga ya yi tsiri ba mai kula shi. Maƙwabtanmu sun daɗe suna dafa shi idan jiki ya yi zafi. Ba shi da kafeyin ko kaɗan, ba shi da ɗaci, kuma ƙamshinsa yana tafiya da madara fiye da yadda mutum zai zata. Abin da ya sa muka fifita shi a kan sauran shi ne yana ba da ɗanɗanon lemo ba tare da tsami ba, don haka madara ba ta tsinkewa. Ɗanye ya fi busasshe nesa ba kusa ba. A yanko ganye biyar ko shida, a wanke su sosai musamman idan daga gefen hanya aka samo, a naɗe su a ƙulle kamar igiya, a ɗan bubbuga su da bayan wuƙa don ƙamshin ya fito. A kula da gefen ganyen, yana da kaifi yana yanka yatsa.

Sai citta. Mafi yawan wadda muke saya a Mile 12 da Agege daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia, Jaba da Kagarko, kuma masu sayar da ita ba za su manta da 2023 ba, shekarar da cuta ta cinye gonakin citta farashi ya yi tashin gwauron zabi. Abin farin ciki shi ne wannan shayin ba ya cin citta da yawa. Guntu kamar gaɓar babban yatsa ya isa mutum huɗu. Idan ta yi yawa sai ta ɗumama jiki ta sa gumi, mu kuma a zafin Legas ba gumi muke nema da dare ba. Akwai wani sirri game da ɗanyar citta da ya kamata uwargida ta sani: tana da sinadarin da yake daskarar da madara. Wanda ya matse ruwanta kai tsaye a cikin madara mai ɗumi zai ga ta kama ta yi gudaji. Mutanen kudancin ƙasar Sin da gangan suke yin haka, wani abin zaƙi ne a wurinsu. Tafasa tana kashe wannan sinadarin, shi ya sa kullum ake fara dafa citta a ruwa kafin madara ta shigo.

Kanumfari guda uku, kada ya wuce huɗu. Yana da ƙarfi, wanda ya taɓa danna shi a haƙori mai ciwo ya san yadda yake kashe baki, kuma idan ya yi yawa sai ya danne ƙamshin kowa. Kirfa sanda ɗaya ƙarama, ita take kawo wani zaƙi-zaƙi da yake sa a rage suga. Sandar ta fi gari, domin garin ba ya narkewa, kwanciya yake yi a ƙasan kofi yana kama maƙogwaro. Na'a-na'a ga mai so. Masu shagunan magungunan Musulunci kuma suna sayar da babunaj, wata busasshiyar fure mai kama da ƙaramar furen rana, wadda Larabawa da Turawa suka daɗe suna sha da dare. Tana da kyau, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi, amma ba dole ba ce, mu sai mu yi wata ba mu saya ba.

Ga yadda muke yi na mutum huɗu. A zuba ruwa kofi uku a tukunya, a sa tsauri, dakakkiyar citta, kanumfari da kirfa. Idan ya tafasa a rage wuta, a rufe, a bar shi minti 10. Rufewar nan ita ce rabin aikin. Ƙamshin waɗannan abubuwa mai ne mai tashi da tururi, tukunyar da aka bari a buɗe maƙwabta ne suke shan daɗinta, mai ita ya sha ruwan zafi. Bayan minti goma a sauke, sannan a jefa na'a-na'a ko babunaj, a sake rufewa minti 5. Su ba sa son tafasa, na'a-na'a da aka dafa da yawa baƙi take yi ta koma ɗanɗanon ciyawa. Daga nan a tace. Ruwan zai fito ruwan ɗorawa mai ɗan duhu, ya ragu zuwa kamar kofi biyu da rabi.

Yanzu madara. Idan ta gari ce, a dama babban cokali shida zuwa takwas da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi, a dama sosai har gudaji ya ɓace, sannan a ɗora a wuta kaɗan. Ba a so ta tafasa, da zarar ta fara tururi gefenta ya fara ƙananan ƙwayaye a sauke. Idan ta gwangwani ce, ƙaramin gwangwani ɗaya da ruwa daidai shi. Mai saye ya riƙa duba jikin leda, domin da yawa daga madarar garin da ke kasuwa an cire mata man saniya an sa man itatuwa a madadinsa. Ba haram ba ce, ba guba ba ce, kuma ta fi araha, sai dai ba ta kai cikakkiyar madara garɗi ba. Wanda Allah ya haɗa shi da ɗanyar madarar shanu kuwa ya more, amma lallai ya tafasa ta tukuna, don akwai cututtukan da suke tsallakowa daga dabba zuwa mutum ta madarar da ba a dafa ba, har da wani nau'in tarin fuka.

Kumfar da ake taƙama da ita a Lekki da injin tururi suke yin ta. Mu da maburgi muke yi, wanda dai ake kaɗa miyar kuka da shi. A sami sabo a keɓe shi don wannan aikin kawai, in ba haka ba za a sha shayi mai ƙamshin daddawa. A sa shi a cikin madarar mai zafi a murza tsakanin tafuka kamar minti ɗaya, za a ga kumfa ta taso. Wanda ba shi da maburgi ya yi irin ta mai shayi, ya riƙa juya madarar daga kofi zuwa kofi yana ɗaga hannu sama. Masu shayinmu sun daɗe da wannan fasahar, ba don burgewa kaɗai suke yi ba, iska suke sa wa shayin yana hucewa yana laushi. Sai a zuba ruwan ganyen ya wuce rabin kofi kaɗan, a cika da madara, a kwaso kumfar da cokali a ɗora a kai. Kumfa ba ta ƙara komai a lafiya, amma tana sa mutum ya sha a hankali, kuma yara suna ganin ta suke yarda cewa abin na musamman ne.

Wurin zaƙi ne muke samun saɓani a gidanmu har yau. Mun saba da shayin da cokali yake kusan tsayawa a ciki. Zuba suga cokali huɗu a abin da aka yi don kwantar da jiki ɓata aiki ne. Mu dai mun tsaya a kan ƙaramin cokalin zuma ɗaya, a sa bayan shayin ya ɗan huce don ƙamshinta ya zauna. Zumar kirki tana da wuya a garin nan, da yawa narkakken suga ne a kwalba, gara mutum ya yi saƙo daga gida wurin wanda ya amince da shi. Wasunmu dabino suke jiƙawa, guda biyu ga kofi, su markaɗa shi da madarar, yana ba da kauri mai daɗi. Mazarƙwaila ma tana yi idan an samu. Abu ɗaya da babu saɓani a kansa: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma, ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

Akwai abubuwan da ba sa shiga wannan tukunyar. Zoɓo, tsamiya da lemun tsami suna tsinka madara nan take. Masoro, kimba da barkono na shayin mura ne, su tada mutum suke yi. Garin koko irin su Milo da Bournvita kafeyin ɗinsu kaɗan ne, amma sugansu ba kaɗan ba ne. Ganyen shayi kuwa, ko baƙi ko kore, shi ne dai abin da muke gudu, kada wani ya ce bari ya jefa ƙulli ɗaya don launi.

Wasu cikinsu ba ya karɓar madarar shanu, suna sha sai kumburi da ƙugi, wannan kuma ba barci ke nan ba. Su yi da madarar aya, wadda ake tatsa kamar za a yi kunun aya, amma ɗumama ta kawai za a yi, idan ta ji wuta da yawa kauri take yi ta zama kamar koko. Madarar waken suya ma tana yi, ita kuma akasin haka, sai ta dahu sosai. Ko kuma a sha ruwan ganyen haka nan da zuma, ba abin da ya ragu sai kumfa.

Kada mu yi wa juna ƙarya, wannan ba maganin barci ba ne, kuma duk wanda ya ɗura shi a kwalba ya ce yana warkar da cuta arba'in ku guje shi. Ana yawan cewa madara tana da sinadarin da jiki yake haɗa sinadarin barci da shi. Haka ne, amma abin da ke cikin kofi ɗaya bai kai ya kayar da mutum ba. Babban amfanin shayin nan shi ne abin da ya maye gurbinsa: kofin da aka sha na tsauri, kofin Nescafe ne da ba a sha ba. Na biyu kuma sabo. Jiki yana koyon alamu kamar yadda yaro yake koyo. Idan kullum bayan isha'i abu ɗaya ake yi, a zauna, a riƙe kofi mai ɗumi, a sassauta murya, cikin 'yan makonni jiki zai gane cewa yini ya ƙare. Wanda ya sha ya koma ya ɗauki waya yana kallon TikTok har ƙarfe ɗaya kuwa, kada ya ɗora wa tsauri laifi.

Abin ba baƙo ba ne a addininmu. Malamai suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. Haka nan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir da ake haɗawa da madara ko zuma, ga mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda tana sanyaya zuciya. Citta ma an ambace ta a Suratul Insan a cikin abin shan 'yan Aljanna. Mu da muke son tashi asuba a kan lokaci, mu fita nema, mu kuma dawo da sauran haƙurin da za mu yi wa iyali, mun fi kowa buƙatar wannan tsarin. Likitoci suna cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. Wanda zai tashi ƙarfe 5, lissafin ya nuna ƙarfe 10 ya kamata ta same shi a shimfiɗa. Mun san ba kowa zai iya ba, amma tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe ɗaya akwai fili mai faɗi.

Abin da muka lura da shi a gidanmu shi ne hirar ba ta mutu ba, gajarta ta yi. Da can ana farawa da labarin kasuwa a ƙare da gardamar siyasa ko ta ƙwallo, murya tana tashi, wani ya shiga ɗaki da fushi. Yanzu tukunya ɗaya ce, idan ta ƙare an tashi. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya shekara fiye da talatin yana cin goro bayan abincin dare, bai daina goro ba, kuma ba wanda ya isa ya ce masa ya daina. Matsar da shi ya yi, na ƙarshe da la'asar. Da aka tambaye shi, "Baba, yaya dare yanzu?" sai ya ce shi dai ya daina jin duk kiran sallar farko na masallatan unguwa, na kusa kaɗai yake ji.

Gwauraye da ba su da tukunya ba su da uzuri su ma. Da yawa daga masu shayinmu ruwan butarsu ya riga ya dahu da citta, kanumfari da na'a-na'a. Abin da mutum zai ce kawai shi ne, "Malam, ruwan ƙamshi da madara, ban da Lipton, suga ɗaya." Sai dai a tambaya, don wasu suna zuba ganyen shayi a cikin butar tun farko. Ku kuma 'yan uwanmu masu shayi, wannan kasuwa ce. Buta ta biyu ta tsauri daga magariba ba za ta ci muku jari ba, ciyawar kusan kyauta ce, madarar kuwa da ita kuke samun riba dama. Dattawa da masu hawan jini da suka daina zuwa teburinku da dare za su dawo.

Masu gadi da direbobin dare, ba da ku muke ba a wannan lokacin. Buzu da ɗan kurfotinsa yana dafa ataya zagaye uku a bakin get aikinsa yake yi, barci a wurinsa asarar aiki ne, wani lokacin ma asarar rai. Naku daren da safe yake farawa. Ku tsayar da ataya da goro tun wajen ƙarfe biyu ko uku, ku sha wannan idan kun sauka, ku nemi wuri mai duhu.

Wasu kuma su yi hattara. Mai ƙwannafi ya bar na'a-na'a, tana sassauta bakin ciki abinci ya riƙa tasowa, ya kuma rage citta. Mai ciwon suga ya sani zuma da dabino su ma suga ne. Mace mai ciki da wanda yake shan maganin tsinka jini su tambayi likita kafin su mayar da citta da kirfa abin kullum. Dattawan da fitsari yake tada su da dare su sha rabin kofi, awa guda ko fiye kafin kwanciya. Idan kuma mutum ya gyara duk wannan amma har yanzu yana rasa barci dare uku a mako har tsawon wata uku, ko yana minshari mai ƙarfi numfashinsa yana ɗaukewa, ko damuwa ce take hana shi runtsawa, to maganar ta wuce tukunya, ta asibiti ce. Manyan asibitocin gwamnati suna duba wannan, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Ga mai son shuka tsauri, ba sai da fili ba. A roƙi maƙwabci ya tsago muku kara biyu ko uku daga gindi, a yanke ganyen a bar kamar tsawon tafin hannu, a tsoma gindin a kofin ruwa ana canza ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako biyu saiwa za ta fito. A huda ƙasan tsohon bokitin fenti, a cika da ƙasa, a dasa, a ajiye inda rana take samu. Bayan wata uku za a fara yanka, kuma yana sake tohowa duk lokacin da aka yanke shi. Namu bokiti biyu ne a bayan ɗakin girki, sun ishi gidan gaba ɗaya, wanda yake kusa da Agege kuma yana son iri ya yi magana a ƙasa, za mu tsago masa.